Neman Digirin Dakta da Tarihin Ƙasar Kazaure

A zamanin da, idan almajiri ya sauke littafi a zauren malaminsa, malam yakan rubuta masa ijaza, ya jera sunayen waɗanda aka karɓo karatun daga gare su, ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga mawallafin. Ijaza shaida ce cewa almajiri ya karɓi abin da ke hannun malaminsa bai rage ba, bai ƙara ba. Digirin dakta da jami'o'i ke bayarwa ya yi kama da wannan ta wata fuska, gama shi ma sai an zauna ƙarƙashin malami guda shekara da shekaru. Amma sun rabu a wuri ɗaya mai girma, watau ba a ba mutum dakta sai ya zo da abin da malaminsa ma bai sani ba.

Ga yadda al'amarin ke tafiya. Wanda ya sami digiri na farko da na biyu shi ke neman shiga. Sai ya zaɓi mas'ala guda, jami'a ta haɗa shi da malamin da zai duba aikinsa, sa'an nan ya shiga bincike, abin da ba ya kasa shekara uku, sau da yawa ma yakan zarce haka nesa. In ya gama ya rubuta kundi. A kan ɗauko wani malami daga wata jami'a dabam, wanda ba ruwansa da ɗalibin, ya karanta kundin, a zaunar da mai shi a yi ta yi masa tambayoyi baki da baki. Mai nazarin tarihi ko zaman jama'a ba shi da ɗakin gwaje-gwaje irin na masu kimiyya. Kayan aikinsa tsofaffin takardu ne, da bakin dattawa, da ƙafafunsa.

Ɗaya daga cikin digirorin dakta na farko da wata jami'ar Nijeriya ta bayar a kan tarihin ƙasar nan ta Arewa aka yi shi. Wani Bature ne, Murray Last, ya same shi a Jami'ar Ibadan cikin 1964, ƙarƙashin H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Last ya tafi Sakkwato ya zauna wurin Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙu da littattafan Larabci na gidan Waziri, aka buga aikin cikin 1967. Abin lura a nan shi ne, kundin da ya buɗe wannan ƙofa a zauren malamin gargajiya aka haƙo shi. Waziri Junaidu bai yi makarantar boko ba, sai daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Abdullahi Smith ya koma Zariya cikin 1962 ya kafa sashen tarihi na sabuwar jami'a, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna cikin 1970. Daga nan 'yan ƙasa suka karɓi aikin. Sa'ad Abubakar ya gama nasa a kan Fombina cikin 1970. Adamu Mohammed Fika ya yi nasa a Landan cikin 1973, a kan Yaƙin Basasar Kano da mulkin Turawa. Yusufu Bala Usman ya gama na Katsina a Zariya cikin 1974, bayan ya bi garuruwa da ƙauyuka yana jin ta bakin mutane, ya kuwa kawo hujja cewa ba a fahimtar jihadi in an ɗauke shi faɗan Fulani da Haɓe kawai. Halil Ibrahim Sa'id ya yi nasa a Michigan ta Amurka cikin 1978, a kan jihadi a Kano da abin da ya biyo baya, Abdullahi Mahadi kuma ya rubuta kundi mai kauri a kan sarauta da tattalin arzikin Kano cikin 1982.

Wanda ya dubi waɗannan sunaye zai ga duk manyan birane suka fuskanta. Ba laifinsu ba ne, gama inda takardu suka taru nan mai bincike ke fara sauka. Amma sakamakon haka shi ne, ƙaramar masarauta irin Kazaure, wadda ke maƙale tsakanin Kano da Katsina da Daura, takan shigo labari ne ta ƙofar maƙwabta, a ranar da ta dame su.

Labarin Ɗantunku ya isa misali. Shi shugaban Fulanin Yarimawa ne a arewacin Kano. An ce da fari yana tare da Sarkin Kano Alwali, sa'an nan ya koma wajen masu jihadi a yaƙin Ɗanyaya, inda aka karya rundunar Alwali. Da Sarki Sulaimanu ya rasu cikin 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai ƙasar Kano ta ɗauki tawaye ko'ina, Ɗantunku kuma ya ƙi bi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya Turanci cikin 1908, ya ba da labarin a taƙaice: an gwabza, Yarimawa suka watse, Ɗantunku ya ja baya zuwa Dambatta, daga nan zuwa Kazaure, Dabo na biye da shi. Da Dabo ya iso korama sai ya tsaya, ya juya, ya koma Dambatta ya rushe gidan Ɗantunku. A wannan littafi Ɗantunku ɗan tawaye ne da aka kora. A Kazaure kuwa shi ne mai tuta, kakan sarakuna, wanda ya kafa ƙasa. Sakkwato ta raba gardamar a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Kazaure ta tsaya masarauta mai zaman kanta. Ɗantunku ya rasu cikin 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya yi mulki har 1857, shi ne ya zaunar da sarauta a garin Kazaure.

To, aikin mai neman dakta a nan ba zaɓen ɓangare ba ne. Sai ya tambayi kowace shaida: wa ya rubuta, a fadar wa, shekara nawa bayan abin ya auku, me kuma yake so a yarda da shi? Tarihin Kano a Kano aka tsara shi, bayan zuriyar Dabo ta daɗe bisa gado. Haka littafin Taƙyidul Akhbar na Alƙalin Kano Muhammadu Zangi, wanda aka rubuta wajen 1868. Ko sunan nan ma tarko ne ga mai gaggawa, domin Sarkin Kazaure na wancan lokaci, wanda ya yi mulki daga 1857 zuwa 1886, shi ma Muhammadu Zangi ake ce masa, alhali mutum biyu ne dabam. Abin da maroƙan fadar Kazaure ke faɗa shi ma sai an auna shi da ma'auni ɗaya, gama maroƙi bai taɓa kirarin ranar da ubangidansa ya gudu ba.

Bayan 1903 shaidu suka sake kama. Turawa sun bar Kazaure da En'e tata cikin Lardin Kano, kuma Di'o-Di'o sun rubuta rahotannin kimanta haraji na gundumomi, da yawan mutane, da dabbobi, da amfanin gona, da asalin dagatai. Irin waɗannan takardu a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ake neman su, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Suna da amfani ƙwarai, amma fa mai karɓar haraji ne ya tambaya, tafinta ya fassara, talaka kuwa ya san abin da zai biyo bayan faɗin gaskiyar yawan shanunsa. Wanda ya kwafe lissafin jangali ya ce shi ne adadin shanun Roni ko na Gwiwa, malamin da aka ɗauko daga waje zai kama shi tun tambaya ta fari.

Iyakoki ma sun ƙara wa aikin wuya. An yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar Sarkin Kazaure. Babura kuwa, ko da yake maƙwabciya ce, ƙasar Kano ce tun asali, a hannun Dambazawa, sai bayan yanke jiha ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim. Saboda haka mai binciken Babura a fayilolin Kano zai nemi abinsa, na Roni da Gwiwa kuma ba shi da makawa sai ya leƙa na Katsina da Daura, tun da kasuwa da aure da kiwo ba su san layin taswira ba.

Hanyar karatu ta matso kusa yanzu. Jami'ar Bayero ta Kano ta cika jami'a cikin 1977, an kafa ta Tarayya a Dutse cikin 2011, da ta jiha a Kafin Hausa cikin 2013. Ɗan Kazaure ba ya bukatar ƙetare teku kamar Fika. Yana da harshen, ya san gidajen da za a yi sallama, abin da Last ya share shekaru yana koyo. Sai dai yana da nauyin da baƙo ba shi da shi, domin in hujja ta saɓa wa abin da ake faɗa a fada, da mutanen fadar zai yi sallar Juma'a. Lokaci kuma ba ya jiransa: waɗanda suka yi aikin En'e zamanin Sarki Adamu, wanda ya hau cikin 1941, sun kusa ƙarewa, takardun da ke cikin adakoki a gidajen alƙalai da limamai kuwa gara da damina na rabon su.

Tarihin Kano ya ce Dabo ya tsaya a bakin korama ya juya, bai faɗi dalili ba. Ko duwatsun Kazaure ne suka tare dawakinsa, ko tawayen da ya baro a bayansa ne ya kira shi, ko kuwa wata magana ce ta zo daga Sakkwato, kowanne cikin ukun nan yana da wurin da za a bi sawunsa: na fari a ƙasar kanta, na biyu a littattafan Kano, na uku a wasiƙun gidan Waziri.