Jirgin Da Ya Hau Raƙumi

Masuntan Gulbin Zamfara sun san jirgi ruwa yake bi. Amma an taɓa yin wani jirgi da ya ƙetare hamada bisa raƙuma.

Cikin 1850 Gwamnatin Ingila ta aiko Turawa uku ta hanyar Tarabulus. Ɗayansu Bajamushe ne, sunansa Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Suka taho da jirgi gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa shi a bakin Tabkin Cadi, zamanin Shehu Umar na Barno.

Da daminar 1851 Overweg ya shiga tabkin, ba Bature sai shi. Ya yi fiye da wata guda yana ratsa tsibiran Buduma, waɗanda mutanen tudu ke tsoro ƙwarai a lokacin. Suka karɓe shi da mutunci.

Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari cikin 1852, bai tsara labarinsa ba. Takardun da ya bari guntaye ne, masu wuyar karantawa, saboda haka yawancin abin da ya gani ya bi shi kabari. Barth kuwa, da yake kullum yana rubutu, har yau ana karanta littattafansa.