Gara da Idon Magini a Kudancin Kano

Kudancin ƙasar Kano ya fi arewacinta samun ruwa. Daga Bebeji da Kiru, a bi ta Tudun Wada har a dangana da duwatsun Riruwai a Doguwa, damina kan sauka da wuri ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Ga danshi, ga itatuwa, abubuwa biyu da gara ba ta rayuwa sai da su, shi ya sa suri ya zama ruwan dare a gonakin yankin da gefen dajin Falgore. Duk da haka mutane sun yi ɗaruruwan shekaru a nan cikin soraye na ƙasa da itace. Bebeji babban gari ne a kan hanyar fatake tun kafin Bature Clapperton ya ratsa shi a 1826, yana tafe daga Zariya zuwa Kano. A ganina abin da ya tsare waɗancan gidaje shi ne an gina su yadda ido zai kai ga kowane itace, sannan an ware wa dubawa lokacinta a shekara.

Gara a ƙasa take zaune, ba ta son haske, ba ta jure bushewa. Idan za ta hau bango sai ta yi wa kanta siririyar hanya ta laka ta bi ta ciki, idan ta kai ga itace kuma ta cinye cikinsa ta bar fatar waje kamar ba abin da ya faru. Musulmi ya san wannan hali nata daga labarin sandar Annabi Sulaiman. Magini Bahaushe da saninsa ya yi aiki. Ya zaɓi azara, wato giginyar da aka tsaga, musamman namijinta mai tauri, domin gara ba ta cika samun ta da daɗi ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kimanin mita 2, sai aka riƙa jera ta gajeru-gajeru, ana ɗaurin guga da bakan gizo, fasahar da ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Abin lura shi ne a ɗakin talaka azarar a fili take. Mai gida yana kishingiɗe a tabarma, in ya ɗaga kai zai ga jan layin laka ya bi jikinta, ko ya ga garin itace ya zubo a daɓe, ya san wani ƙwaro na huda ta. Rumbu ma a kan duwatsu ake ɗora shi, iska na wucewa, kaji na tone-tone a ƙarƙashi.

Sai kuma yaɓen shekara. Kafin ruwan fari, magini kan hau soro ya toshe tsaga, ya gyara indararo, ya shafe bango da makuba, mai hali kuma ya sa laso. A wannan hawan ne ake ƙwanƙwasa itace. Lafiyayye yakan amsa da ƙarfi, wanda aka cinye kuwa sai a ji shi fanko, a zare shi a sa wani tun rufin bai lotsa ba. Fitar shinge a daren ruwan farko ma labari ce: yara na tara shi a kwano, manya na duba ramin da ya fito, in a gindin bango ne a haƙa a nemo uwar gara.

Wannan tsari ya fara sassautawa ne da zuwan kwanon rufi, wanda jirgin ƙasa ya sauƙaƙa kawo shi bayan dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma bazu sosai a karkara cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai da aikin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, suka kawo albashi da siminti yankin. Kafinta ya karɓi rufi daga hannun magini, katako mai laushi ya maye gurbin azara, aka zo aka buga silin aka rufe shi ruf. Gidan bulo ba ya neman yaɓe, saboda haka dalilin hawa sama duk shekara ya kau. Gara kuwa tsagar da ba ta kai kaurin tsinke ba ta ishe ta ta ratsa daɓen siminti.

Za a ce ai gidan ƙasa shi ma yana kiran gara, tunda akwai ciyawa a cikin kwaɓinsa da zana a rufinsa, kuma soraye da dama sun rufta da mutane. Gaskiya ne, amma yawanci soron da aka bar wa yaɓe ne ke ruftawa, wannan kuwa ƙarfafa maganar dubawa yake yi. Za a kuma ce yanzu akwai magani. Akwai, kuma feshin harsashin gini yana da amfani, haka shafa wa katako Solignum ko baƙin mai. Sai dai magungunan da suka fi daɗewa a ƙasa, aldirin da dildirin, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta su saboda illarsu ga mutum da ruwa, na yanzu kuma ƙarfinsu na raguwa da shekaru, a ƙasa mai danshi ma ya fi saurin tafiya. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta giginya: tana cin shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ba kuma za ta wadaci yawan jama'ar yau ba. Wannan ba a musanta shi. Amma ɗabi'ar dubawa ba ta dogara da azara ba. Kafinta na iya barin ƙofa a silin, a daina jingina itacen girki da karan dawa a bango, kuma kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, a sa wani ya hau da tocila ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa.