Fim ɗin Super Mario da martanin masoyansa

The Super Mario Bros. Movie fim ne na katun da kamfanonin Nintendo da Illumination suka shirya, aka fara haska shi a watan Afrilun 2023. An gina shi ne kan wasan bidiyon nan na 1985 da 'yan Kaduna da dama suka taso suna bugawa. Tun a Satumbar 2021, da aka sanar cewa Chris Pratt ne zai yi muryar Mario, masoya suka yi ta ƙorafi, domin sun saba da ta Charles Martinet, wanda aka bai wa muryar mahaifin Mario. Wasu masu sharhi ma sun ce labarin bai yi zurfi ba. Duk da haka 'yan kallo suka yi tururuwa, har fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan 1.3.