Dokar Littafi da Dokar Zaure

Ɗalibin shari'a a Nijeriya yakan shafe shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, ya fito da sassan doka a kansa. Abin da nake gani shi ne, wannan karatu bai cika ba matuƙar ba a haɗa masa da nazarin al'ummar da dokar za ta yi aiki a cikinta ba.

Mu ɗauki batun ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Haka littafi ya ce. Amma a ƙauye gona tana sauya hannu ne ta gado, ko aro, ko jingina, ko saye a gaban dagaci da shaidu. Iyakarta kuwa wata tsamiya ce, ko jerin gamba da kakanni suka dasa. Idan rigima ta tashi, a zauren mai unguwa ake fara zama, dattawa su tuno wanda ya sare dajin da fari. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumunin dukiyarsa a shari'ar Musulunci, amma sau da yawa kunyar dangin miji ce ke hana ta buɗe baki. Lauyan da bai san wannan kunyar ba, ta ina zai taimake ta?

Tarihin dokokinmu ma darasi ne. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya samo asali daga shawarar kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma an gina shi bisa kundin Sudan, wanda shi ma ya ɗauko daga na Indiya na 1860. Sulhu ne na siyasa gab da samun 'yancin kai. Wanda bai karanta wannan ba, zai ɗauka matakin ƙaddamar da shari'ar Musulunci da Zamfara ta ɗauka a 1999 daga sama ya faɗo.

Wasu malamai na cewa manhaja ta riga ta cika. Gaskiya ne, sai dai ba sabon kwas kaɗai ake nema ba. A tura ɗalibi ya zauna mako huɗu a kotun shari'a ta ƙaramar hukuma, ya saurari ƙarar ciyarwa da rabon gado da Hausa, ya rubuta abin da ya ji. Tsangayoyinmu na shari'a su sa wannan cikin sharuɗɗan kammala digiri.