Danja: abin da ya haɗa ƴan mishan da jinyar kutare

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kance ya taɓa jin an ce an kai wane Danja, ko an wuce da wance Galmi. To yau bari mu ɗan waiwaya mu ga inda abin ya samo asali.

Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun shigo Nijar a 1924, kuma nan Damagaram suka fara sauka. Wa'azi suka zo yi, amma suka tarar da gari na malamai da allo, wa'azin bai yi kasuwa ba. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne magani. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa, a 1956 kuma wurin jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi.

Me ya sa kutare? Nan ne koyarwarsu take. A Linjila an ba da labarin Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ya warke, a zamanin da ko kusa da shi ba a zuwa. Don haka a wurinsu wanke gyambon majinyaci ibada ne, su yi addu'a su ba da ƙwaya, suna cewa waraka daga Allah take. Mu ma Musulmi mun san Annabi Isa, alaihis salam, ya warkar da kuturu da makaho da izinin Allah. Ku tuna fa yadda ake yi wa kuturu a garuruwanmu: ƙwaryarsa daban, tabarmarsa daban, wani har matarsa a raba su. Sai ga wurin da ake kama masa hannu.

Amma mu faɗi gaskiya, maganin tafe yake da wa'azi, kuma iyayenmu da yawa sun yi ɗari-ɗari, suna tsoron a je neman lafiya a dawo da wani addini. Wasu kaɗan sun koma Kirista. Mafi yawa sun sha magani sun dawo gida da sallarsu.

Zaman bai rasa tabo ba. Ranar 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona coci-coci a Damagaram, washegari a Yamai, aka yi asarar rayuka. Maƙwabtanmu ne aka ƙona wa, ba masu zanen ba. Shugabannin Kirista suka fito suka ce sun yafe, kuma Galmi da Danja suka ci gaba da karɓar marasa lafiya ba tare da tambayar addininsu ba.

Yau kuturta tana warkewa da haɗin ƙwayoyi na wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da su. Danja kuma tun 2012 ta ƙara da ɓangaren mata masu yoyon fitsari. In kun ga tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, kar a ɓoye, a je likita da wuri tun bai ci yatsu ba.