Ƙarfen Ɗorin Thomas da Karayar Cinya a Yaƙin Duniya na Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin raunukan da sojoji suka riƙa samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918), kaɗan ne suka kai karayar ƙashin cinya muni. Wannan maƙala za ta dubi yadda likitocin rundunar Ingila da ke fagen daga a Faransa suka shawo kan matsalar da wani kayan aiki wanda ya shekara arba'in a ƙasarsu kafin su waiwaye shi.

2.0 Yanayin Raunin

Karayar harsashi ta sha bamban da ta faɗuwa. Harsashi yakan dagargaza ƙashi, ya tura tsumman kaki da ƙasa cikin nama, ga shi kuwa gonakin Faransa cike suke da taki mai ɗauke da ƙwayoyin cutar ruɓewar nama. Sai dai babbar musibar takan zo ne wajen ɗauko majinyaci. Naman cinya yana da ƙarfi, don haka yakan ja gutsattsarin ƙashi su hau juna. Duk girgizar da aka yi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, sai tsinin ƙashi ya ƙara yanka jijiyoyin jini. Ɗaure ƙafa da dogon katako, ko ma da bindigar sojan, bai hana wannan ba. An ƙiyasta cewa a farkon yaƙin kusan 80 cikin 100 na masu irin wannan karaya mutuwa suke yi, da yawansu tun kafin su isa hannun likitan fiɗa.

3.0 Daga Gidan Maɗora zuwa Fagen Daga

Hugh Owen Thomas (1834-1891) ɗan gidan maɗora ne daga tsibirin Anglesey na ƙasar Wales. Ya gaji ɗori daga mahaifinsa, sannan ya yi karatun likita, ya zauna a Liverpool. A littafinsa na 1875 ya bayyana ƙarfen da ya ƙera domin masu tarin fuka na gwiwa. Ƙirarsa ba ta da wuya: zoben ƙarfe ne da aka naɗe da fata, wanda ke tokare ƙashin ɗuwawu, sai sanduna biyu da suka sauko gefe da gefe har suka zarce tafin ƙafa. Ana ja ƙafar a ɗaure ta a ƙarshen sandunan, sai ƙashi ya miƙe ya daina motsi. Manyan likitocin zamaninsa ba su ba aikinsa muhimmancin da ya kamata ba, kuma da wuya a ce asalinsa na maɗori bai taimaka wajen haka ba.

Almajirinsa Robert Jones, ɗan ɗan'uwan matarsa, shi ya kai ƙarfen fagen daga, bayan an ba shi jagorancin sashen ƙashi na soja a 1916. Abin lura a nan shi ne wurin da ake sa shi. An horar da masu ɗaukar majinyata su ɗora shi kusa da inda soja ya faɗi, a kan wando da takalmi, ba tare da sun taɓa raunin ba, har ana rufe musu idanu lokacin atisaye domin su iya aikin cikin duhu. A gumurzun Arras na 1917, likita Henry Gray ya ba da rahoton cewa daga cikin masu karayar cinya 1,009, kashi 15.6 cikin ɗari ne suka mutu.

Ba daidai ba ne a jingina dukkan wannan sauƙi ga ƙarfen shi kaɗai. A waɗannan shekaru ne likitoci suka koma yanke mataccen nama daga rauni tun da wuri, suna wanke shi da ruwan maganin Carrel da Dakin. Amma fiɗa ba ta amfanar wanda jininsa ya ƙare a hanya, kuma ƙarfen Thomas ne ya riƙa isar da sojoji teburin likita da sauran numfashinsu.