Kafireto, Tanki da Aksul: Tarihin Motar Gudu a Ƙasar Kano



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan ƙarafan mota. Dalili kuwa shi ne, kalmomin da ke bakin kanikawa, irin su kafireto da totur da farfela da aksul, sun shigo Hausa sun zauna daram, kuma kowace kalmar aro takan zo ne goye da tarihin abin da ake kira da ita. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, motar da ta yi sarauta a hanyoyinmu ita ce wadda bakanike na gindin bishiya zai iya buɗe cikinta ya daidaita ta da ƙasarmu, kuma duk daidaitawar da ya yi akwai abin da aka biya a kanta.

Ƙasar da Mota ta Tarar

Bari mu tsaya a Rijiyar Zaki, cikin ƙasar Ungogo, a bakin hanyar Gwarzo, domin ta zama mana madubi. A da, wannan yanki yana cikin karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda gona take manne da gona, ba a barin saura, ana nomawa kowace shekara da ƙarfin taki. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga rahoton bincikensu a kan tattalin arzikin ƙauyukan Ungogo. Abin da ke ɗauke da wannan tattalin arziki a lokacin shi ne jaki: ya shiga birni da itace da amfanin gona, ya fito da mangalar taki. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, manyan motoci kuma sun daɗe suna jidar gyaɗa, amma ƙaramar mota ba ta zama abin hawan talaka a waɗannan ƙauyuka ba sai da kuɗin man fetur suka zo.

Da ta zo, sai ta tarar da abubuwa huɗu suna jiranta: ƙurar hunturu, zafin bazara da kan haura digiri 40, hanyar burji mai gargada, da kuma lodi irin na mutanen da suka saba ɗora wa jaki iyakar ƙarfinsa.

Gaɓoɓi Uku

Kafin mu ci gaba, ya kyautu mu san gaɓoɓin da za mu yi magana a kansu.

Na farko shi ne kafireto, wato inda ake gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. Iska tana bi ta wani maƙogwaro mai tsukakken wuya. A wurin tsukewar sai gudunta ya ƙaru, ta zuƙo fetur ta wata 'yar ƙofa da kanikawa ke kira jet, ta fesa shi. Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da irin wannan kafireto mai fesawa a 1893, a shekarar da wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Bánki da Csonka, su ma suka fito da nasu. Domin fetur ya ƙone sarai, ana bukatar iska mai nauyin kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na fetur. In fetur ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya huje. In ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi.

Na biyu shi ne hanyar mai, daga tanki zuwa famfo, zuwa mataci, zuwa kafireto.

Na uku shi ne tulun da ke tsakiyar aksul na baya. Aikinsa biyu ne. Yana karɓar juyin farfela ya rage saurinsa ya ƙara masa ƙarfi, sa'an nan yana bai wa tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota ta shiga kwana. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi rajistar wannan dabara a ƙarshen shekarun 1820, tun kafin a san motar fetur.

A Amurka da Turai, masu sha'awar motar gudu sukan zaɓi waɗannan gaɓoɓi ne don nishaɗi: wannan ya ɗora kafireton Holley mai maƙogwaro huɗu, wancan ya sa Weber na Italiya, wani ya sauya haƙoran aksul don mota ta fizga daga tsaye. A nan ƙasar ma an yi wannan zaɓe, sai dai wanda ya yi shi direban haya ne da bakanikensa, kuma abin da ke gabansu shi ne kuɗin da za a kai wa mai mota da yamma.

Daga Fagen Tsere zuwa Tasha

Motar da aka fi yi wa wannan aiki ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo. Kada a ɗauka suna kawai ta yi. Samfurin 404, wanda ya fito a 1960, ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu: 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson, ta kuma ci tseren Maroko a wannan shekara a hannun Hannu Mikkola. Waɗannan tsere a kan burji da taɓo da duwatsu ake yin su, irin hanyoyin da muka sani.

Abubuwa uku suka haɗu suka kafa ta a Nijeriya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar da sauran maƙwabta, motocin Faransa suka dace da hanya ba tare da an sauya musu sitiyari ba. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, ga kuma bashin sayen mota. A wannan shekara ce kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Bayan 1976 gwamnatin soja ta ɗauki manufar rage facaka, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Motar da babban sakatare ya hau bana, bayan 'yan shekaru sai a yi gwanjonta, a ganta a tasha tana lodi. Wagon mai layi uku ta kama dogon zango, a-kori-kura kuma ta karɓi aikin jaki tsakanin kasuwannin ƙauye da birni.

Ya kamata a lura da wani abu a nan. Kamfanin ya ƙera 404 da 504 masu injekta na Kugelfischer, waɗanda suka fi masu kafireto ƙarfi. Amma wadda ta cika tashoshinmu mai kafireto ce, Solex ko Zenith, domin ita ce sukuddireba da sifana suke iya yi wa magani.

Kafireto a Hannun Bakanike

Bakaniken Kano ya koyi kafireto da kunne da hanci da launin fulogi. Zaɓin da ke gabansa a bayyane yake. Mai maƙogwaro ɗaya tana tsimin mai, amma takan gaza a hawa idan lodi ya yi yawa. Mai maƙogwaro biyu tana tafiya da ɗaya a cikin gari, sai an taka totur sosai na biyun ya buɗe, mota ta miƙe. Direban da ke neman sawu biyu a yini tsakanin Kano da Kaduna ita yake so. Wanda kuma tsadar mai ta dame shi sai ya sa a ƙaranta masa jet, ko a kashe maƙogwaro na biyu, ya samu sauƙi a gidan mai, ya biya a gareji ranar da injin ya ƙone bawul.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Matacin iska mai kaskon baƙin mai, irin wanda ake sa wa motocin ƙasashe masu ƙura, yana kama ta, muddin ana wanke shi ana sauya man. Idan ya toshe, mota takan shaƙe, sai mai gaggawa ya cire shi ya yar, ya ji mota ta saki. Daga ranar injin ya fara haɗiyar rairayi, kwanansa ya soma ƙarewa. Haka kuma kafireton da aka daidaita a Kano, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba, idan ya hau Jos, inda aka haura mita 1,200, sai iska ta yi masa kaɗan, mota ta yi nauyi ta fara hayaƙi. Tsofaffin direbobi sun san wannan ko da ba su karanta dalilinsa ba.

Abin da ke Cikin Tanki

Tarihin hanyar mai tarihin gwamnati ne. An buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, aka ja bututu zuwa defo na Hotoro a nan Kano. Litar fetur tana kobo 15.3 a 1978, ta koma kobo 39.5 a 1986, shekarar da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, ta kai naira 11 a 1994. A shekarun 1990 matatun suka yi rauni, layin mai ya zama ruwan dare, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da galan da jarka.

Man jarka yakan zo da ruwa, ko tsatsa, ko gaurayen kananzir. A nan ne kafireto ya nuna amfaninsa. Idan datti ya toshe jet, direba ya kauce gefen hanya, ya kwance, ya hura da baki, ya mayar, tafiya ta ci gaba. Idan zafin bazara ya sa fetur ya zama tururi a cikin famfo, a jiƙa tsumma a ɗora masa. Idan famfon ya mutu gaba ɗaya, an sha ganin galan a kan rufin mota, tiyo ya sauko zuwa kafireto. Dabara ce, amma dabara ce da ke ɗora gobara a saman kan fasinja. Akwai kuma illar da ido ba ya gani: fetur na wancan zamani yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama rabuwa da ita ba sai farkon 2006.

Aksul da Lissafin Rai

A aksul ne zaɓe ya fi nauyi. Motocin 403 da 404 na farko suna da wani irin aksul mai dunƙulen tagulla da ke bukatar mai na musamman. Wanda ya zuba masa na gama-gari ya cinye tagullar. Daga baya aka koma ga haƙoran ƙarfe da muka sani. Waɗannan haƙora lissafi ne. A ce aksul ɗin a-kori-kura yana sa farfela ta juya sau 4.9 kafin taya ta juya sau ɗaya, na salun kuma sau 3.9. Na farkon yana jan kaya, na biyun yana gudu. Wanda ya ɗauke na farko ya sa na biyu ya ƙara wa motarsa gudu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da injin ya ƙara kuka ba, amma ya rage mata ƙarfin ja da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuloci ne zai sha wahalar.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne birki. Nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Motar da ta tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 125 tana bukatar ƙarin fili fiye da rabin na da kafin ta tsaya, kuma wannan idan birki da tayoyi lafiya suke, ba a kuma yi lodi fiye da ƙa'ida ba. An ƙara wa motoci gudu a gareji, ba a ƙara musu birki ba. Hanyoyin da suka ratsa karkara mai cunkoso irin ta Rijiyar Zaki, inda yara da awaki da masu keke suke tsallakawa a kowane taƙi, su suka biya. Ba a kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ba sai 1988.

Zuwan Injekta

Dokokin hayaƙi sun kawar da kafireto daga sababbin motocin Amurka da Turai a farkon shekarun 1990. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga 'yan Kwatano, yawancinsu masu injekta da ƙwaƙwalwar lantarki. Amsar farko da kanikawa da yawa suka bayar ita ce su cire injekta su nemo kafireto a Ƙofar Ruwa su ɗora, wato su mai da baƙuwar mota yaren da suke ji. Mota takan tashi, amma shan manta ya ƙaru. Sannu a hankali sabbin kanikawa masu kwamfutar gwaji suka bayyana. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500, aka shiga sabon zaɓe na mai da motoci masu amfani da iskar gas, tukunya a but, tiyo zuwa injin. Tambayar dai ita ce ta da: wa zai ɗora, wa ya koya masa, wa zai duba aikinsa?

Kammalawa

Shugaban zama, shekara talatin muka yi muna harhaɗa mota guda a Kaduna, dubban kanikawa suka san cikinta kamar yunwar cikinsu, amma wannan sani bai haɗu da na makarantun fasaha ba. Bakanike yana da ƙwarewa ba lissafi, injiniya yana da lissafi ba ya zuwa gindin bishiya, fasinja kuma yana tsakani. Ga ma'aikatan da ke nan, musamman na ma'aikatar ayyuka da masu duba lafiyar motoci, aikin da ke gabanku shi ne kada a bar tukunyar gas ta bi hanyar da galan ya bi a kan rufi. A koyar, a gwada, a ba da shaida. Ga ɗalibai kuwa, tsofaffin kanikawan Fijo suna nan da ransu a garejin hanyar Gwarzo da Ƙofar Ruwa, kuma kullum raguwa suke yi. Ku je da takarda da na'urar ɗaukar magana, ku rubuta kalmominsu da dabarunsu tun suna iya gaya muku.